LEROY JOHNSON: SANATAN JIHA DA YA KOMO DA MUHAMMAD ALI FAGEN DAMBE

A daren Litinin, 26 ga watan Oktoba na 1970, mutum wajen 5,000 suka cika babban zauren taro na birnin Atlanta, hedkwatar Jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, don su ga Muhammad Ali ya sake ɗaura safar dambe bayan shekara uku da rabi ana hana shi. Garuruwa da yawa a ƙasar sun riga sun ƙi ba shi lasin. Gwamnan Jojiya kansa ya yi shelar cewa ranar ta makoki ce. Duk da haka aka yi damben, kuma mutumin da ya sa aka yi shi wani lauya ne baƙar fata mai suna Leroy Johnson, wanda duk ikonsa a hukumance bai wuce kujera guda a Majalisar Dattijai ta jiha ba.

Wanda bai san siyasar Jojiya ba zai yi mamakin yadda mai kujera ɗaya tak ya iya abin da ya gagari manyan attajirai da lauyoyin Niyok. Sirrin abin yana cikin shekaru takwas da Johnson ya yi kafin wannan dare, yana koyon farashin ƙuri'a da yadda ake cinikinta. Wannan ilmi ne ya ɗaukaka shi, kuma shi ne daga baya mutanensa suka zarge shi da shi.

MENE NE SANATAN JIHA?

A Nijeriya, tun daga tsarin mulki na 1979 da aka kwaikwayo daga Amurka, kowace jiha majalisa ɗaya gare ta, sanata kuwa sai a tarayya. A Amurka ba haka abin yake ba. Daga cikin jihohi 50, guda 49 suna da majalisa biyu, wato ta wakilai da ta dattijai, Nebraska kaɗai ce ke da ɗaya. Dattawan da suka ga Jamhuriya ta Farko za su tuna cewa Jihar Arewa ma majalisa biyu gare ta a Kaduna, ta wakilai da ta sarakuna, sai dai a Amurka dukkan biyun zaɓe ake yi.

Sanatan jiha a Jojiya shekara biyu ake zaɓensa, kuma majalisar ba ta zama sai makonni kaɗan a farkon kowace shekara, sa'an nan kowa ya koma kan sana'arsa. Amma fa a hannun wannan majalisa kuɗin makarantu yake, da hanyoyi, da asibitoci, da gidajen kurkuku, da dokokin zaɓe. Dokokin wariyar launin fata da suka danne baƙaƙe a kudancin Amurka kusan shekara ɗari, galibinsu a irin waɗannan majalisu na jiha aka tsara su.

ƘURI'AR DA BA TA DA NAUYI

Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865 ya kuma kawo ƙarshen bauta, an zaɓi baƙaƙe 33 zuwa majalisun Jojiya a 1868. Ba su daɗe ba Turawan majalisa suka kore su saboda launin jikinsu kawai, sai da gwamnatin tarayya ta sa baki aka mayar da su a 1870. Daga nan aka bi su da dabaru iri iri. Aka sa harajin da sai mutum ya biya kafin ya jefa ƙuri'a, aka ce zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat na Turawa ne zalla, alhali kuwa a wancan zamani duk wanda jam'iyyar ta tsayar ya riga ya ci. Baƙar fata na ƙarshe a Majalisar Wakilai, W. H. Rogers daga gundumar McIntosh, ya ajiye kujerarsa a 1907. A 1908 aka ƙara jarrabawar karatu da rubutu, wadda magatakardan rajista ke kayar da duk wanda suka ga dama.

Ban da waɗannan, akwai wani tsari da ya fi su duka ƙarfi, wato ƙidayar gunduma. Jojiya tana da gundumomi 159. A zaɓen fid da gwani ba a lissafa yawan mutanen da suka zaɓi ɗan takara a jiha baki ɗaya. Kowace gunduma an ba ta maki: manya guda 8 maki shida shida, masu bi musu guda 30 maki huɗu huɗu, sauran 121 maki bibbiyu, jimla 410. Wanda ya yi rinjaye a gunduma shi ke kwashe makinta duka. A ƙidayar jama'a ta 1960, gundumar Fulton, inda Atlanta take, tana da mutum 556,326 da maki shida, gundumar Echols kuwa mutum 1,876 da maki biyu. Wato ƙuri'ar mutum ɗaya a Echols ta yi daidai da ta mutum 99 a Fulton.

Sakamakon wannan ya fito fili a 1946, sa'ad da James Carmichael ya fi Eugene Talmadge, gogan masu wariya, da ƙuri'a wajen 16,000, amma Talmadge ya ci da maki 242, Carmichael na da 146. Tun da yake a birane ne baƙaƙe suka fi samun yin rajista, danne birni danne su ne.

A Atlanta dai baƙaƙe sun fara gane darajar haɗa kai tun da wuri. Bayan kotun tarayya ta soke zaɓen Turawa zalla a 1946, a ƙarar da wani wanzami mai wa'azi, Primus King, ya kai, sai aka yi gangamin rajista har masu ƙuri'a baƙaƙe suka haura 20,000 a birnin. A 1948 magajin gari William Hartsfield ya ɗauki 'yan sanda baƙaƙe takwas na farko. A 1949 lauya A. T. Walden da John Wesley Dobbs suka kafa ƙungiyar masu zaɓe baƙaƙe ta Atlanta, wadda kan zauna da 'yan takara Turawa ta ji abin da kowa zai yi, sa'an nan ta faɗa wa jama'a wanda za su zaɓa. A wannan makaranta ta siyasa Leroy Johnson ya tashi.

YARON ATLANTA

An haifi Leroy Reginald Johnson a Atlanta ran 28 ga watan Yuli 1928. Ya yi karatu a Kwalejin Morehouse, shahararriyar makarantar baƙaƙe, ya gama a 1949, shekara ɗaya bayan Martin Luther King. Shugaban kwalejin a lokacin, Dakta Benjamin Mays, yakan gargaɗi ɗalibansa kada su ɗauki kuɗinsu su biya a wulakanta su, kamar a gidajen sinima inda ake tura baƙaƙe can sama su kaɗai, kuma Johnson ya sha faɗa cewa wannan huɗuba ce ta sake masa tunani.

Ya ƙara digiri na biyu a Jami'ar Atlanta, ya koyar a makarantun birnin na 'yan shekaru, sa'an nan ya nufi karatun lauya. Jami'ar Jojiya a lokacin ba ta karɓar baƙaƙe, sai a watan Janairu 1961 kotu ta tilasta mata, saboda haka sai ya tafi Jihar Karolina ta Arewa, ya gama a 1957. Da ya komo gida aka ɗauke shi mai bincike a ofishin mai gabatar da ƙara na gundumar Fulton, aikin da ba a saba ba baƙar fata ba. A can ya san alƙalai da 'yan sanda da 'yan siyasar Turawa ido da ido, ya san halin kowa da abin da kowa ke tsoro.

SHEKARAR 1962

A watan Maris 1962 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa kotunan tarayya suna da ikon duba yadda jihohi ke raba mazaɓu. Nan da nan wani mazaunin Atlanta, James Sanders, ya kai ƙara ta hannun lauya Morris Abram, kuma kafin ƙarshen Afrilu kotu ta rushe ƙidayar gunduma. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a watan Maris 1963, inda ta kafa ƙa'idar nan ta mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Wata kotun kuma ta umurci Jojiya ta raba kujerun ɗaya daga cikin majalisunta bisa yawan jama'a. Da aka sake rabon Majalisar Dattijai mai kujera 54, gundumar Fulton, wadda a da sanata ɗaya ne gare ta, sai ga ta da bakwai. Ɗaya daga ciki, Mazaɓa ta 38, mafi yawan mazaunanta baƙaƙe ne.

Johnson ya tsaya a jam'iyyar Dimokurat, ya ci. Ran 14 ga watan Janairu 1963 aka rantsar da shi yana da shekara 34, baƙar fata na farko a majalisun Jojiya tun 1907, na farko kuma a Majalisar Dattijai tun zamanin da ya biyo bayan yaƙin basasa. A cikin sababbin sanatocin da aka rantsar ran nan akwai wani manomin gyaɗa daga ƙauyen Plains, wanda sai da ya je kotu kan maguɗin akwatin zaɓe a gundumar Quitman kafin a ba shi kujerarsa. Sunansa Jimmy Carter, wanda ya zama Shugaban Amurka a 1977, ya kuma kawo ziyara Legas a 1978 a zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo.

SHIRU A ZAUREN MAJALISA

Ginin majalisar da Johnson ya shiga har a lokacin akwai alluna a jikin famfunan shan ruwa da ƙofofin makewayi, wannan na farare, wancan na baƙaƙe. Ɗakin cin abinci ma ba a ba baƙar fata kujera. A shekarar ce kuwa kudancin Amurka ke tafasa: a Birmingham ta Jihar Alabama an saki karnuka da ruwan mesa a kan yara masu zanga-zanga, a watan Agusta kuma aka yi gagarumin tattakin Washinton. Da yawa sun zaci sabon sanata zai kira 'yan jarida, ya tsaya gaban allo ya yi jawabi.

Johnson bai yi haka ba. Bisa ga labarin da shi kansa ya sha bayarwa, sai kawai ya riƙa shan ruwa a famfon farare, ya shiga makewayinsu, ya kuma kawo yara baƙaƙe cikin 'yan aiken majalisa ya ce su ma su yi haka. Masu gadi suka rasa yadda za su yi da sanata sukutum, suka kai magana gaban Gwamna Carl Sanders, wanda shi ma sabo ne a kujera, shi ne kuma gwamna na farko da aka zaɓa bayan rushewar ƙidayar gunduma. Sanders ya sa aka cire allunan a asirce, ba sanarwa ba biki. Da gari ya waye babu su, kuma tun da ba a kunyata kowa a bainar jama'a ba, babu wanda ya ga dalilin tashi ya yi faɗa a kan allo. Haka aka bi da ɗakin cin abinci.

Abin da ya fi allunan ciwo shi ne shirun abokan aiki. Johnson ya ce ya yi makonni yana gaishe da sanatoci a hanya suna kau da kai, musamman waɗanda suka fito daga ƙauyuka, don tsoron kada a kai labari gida cewa an gan su suna hira da baƙar fata. Ya daure, ya riƙa zuwa kowane zama, ya karanta kowane shirin doka, ya haddace ƙa'idodin majalisa.

Ranar da abin ya sake, in ji shi, ita ce ranar da wani kwamiti da yake ciki ya rabu gida biyu daidai a kan wani shirin doka, ya zama ƙuri'arsa ce za ta raba gardama. Mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwarsa ba sai ga su a gaban teburinsa suna kiransa Sanata. Ya saurare su cikin ladabi, sa'an nan ya tuna musu cewa shi ma yana da shirin doka da ke kwance a wani kwamiti. Daga ranar ya ɗauki ka'idar da ya bi har ƙarshen zamansa: ba ya ba da ƙuri'arsa kyauta, ba ya kuma ƙin zama da kowa, ko da maƙiyin jinsinsa ne, muddin akwai abin da za a samo wa Mazaɓa ta 38.

Sannu ba ta hana zuwa. A zaɓen 1964 Horace Ward, wanda Jami'ar Jojiya ta taɓa ƙin karɓa don launinsa, ya zama sanata baƙar fata na biyu. A 1965, bayan an sake rabon Majalisar Wakilai, baƙaƙe takwas suka ci kujeru a can. Johnson kuwa ya yi ta hawa har ya zama shugaban kwamitin shari'a, ɗaya daga cikin kwamitoci masu ƙarfi, inda shirye-shiryen dokoki da yawa ke bi kafin su isa zaure. A birnin Atlanta kuma ya zama mutumin da duk ɗan takara ke nema, saboda an yi imani maganarsa tana tafe da dubban ƙuri'u. A zaɓen magajin gari na 1969 ya goyi bayan Sam Massell, Bature Bayahude, maimakon Horace Tate, malamin makaranta baƙar fata da shi ma ya tsaya, bisa lissafin cewa lokacin baƙar fata bai yi ba tukuna. Massell ya ci da ƙuri'un baƙaƙe, ya kuma san wanda yake bin sa bashi.

DAMBEN DA AKA CE BA ZA A YI BA

Muhammad Ali ya zama zakaran duniya a watan Fabrairu 1964 da ya doke Sonny Liston, ya bayyana Musuluncinsa, ya yar da sunan Cassius Clay, a shekarar kuma ya ziyarci Gana da Nijeriya da Masar. Ran 28 ga watan Afrilu 1967, a birnin Houston, ya ƙi amsa kiran shiga soja a lokacin yaƙin Biyatnam, bisa dalilin addininsa. Hukumomin dambe suka ƙwace kambinsa da lasinsa tun kafin a kai shi kotu. A watan Yuni aka yanke masa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 10,000. Ya ɗaukaka ƙara yana waje, amma ba dambe, ba fasfo, shekarun ƙarfinsa suna wucewa.

Jojiya ita ce wuri na ƙarshe da mutum zai zaci za a karɓe shi. A watan Janairu 1966 Majalisar Wakilanta ta hana Julian Bond, saurayi baƙar fata, kujerar da ya ci, da ƙuri'a 184 da 12, don ya goyi bayan wata sanarwa ta ƙin yaƙin Biyatnam, sai da Kotun Ƙoli ta mayar da shi. Gwamnan jihar tun 1967 kuwa shi ne Lester Maddox, mai gidan abincin nan da a watan Yuli 1964 ya kori baƙaƙe daga ƙofarsa da bindiga a hannu, magoya bayansa na riƙe da ƙotocin gatari, ya kuma gwammace ya rufe gidan da ya ciyar da su.

A 1970 wani mai shirya wasanni na Niyok, Robert Kassel, ya nemi surukinsa Harry Pett, ɗan kasuwa a Atlanta, ya bincika masa ko akwai hanya. Pett ya je wurin Johnson. Lauyan ya duba littattafan doka ya gano abin da kowa ya tsallake: Jojiya ba ta da hukumar dambe ta jiha, ikon ba da lasin yana hannun birni. Birnin kuwa yana hannun Massell da majalisar gari da ƙuri'un baƙaƙe suka taimaka wajen zaɓa. Johnson ya je karɓar bashinsa na 1969. Massell, wanda tsohon soja ne kuma ba ya sha'awar abin da Ali ya yi, ya amince ba zai tare hanya ba. Johnson da Pett da Jesse Hill, babban ma'aikacin wani kamfanin inshora na baƙaƙe, suka kafa kamfanin da zai shirya wasan.

Saura gwamna, wanda ko da ba shi ke ba da lasin ba, yana iya neman hujjar hana taro da sunan tsaron lafiyar jama'a. Johnson ya tafi ofishinsa da kansa. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, ba da daɗewa ba wani alƙali ya sassauta wa ɗan Maddox a wata shari'a don ya ba shi damar gyara halinsa, sai Johnson ya tuna wa gwamna wannan, ya ce Ali ma dambe kaɗai ya iya, kuma kowane ɗan Adam ya cancanci a sake ba shi dama. Maddox ya ce a yi. Da magoya bayansa suka taso masa, ga shi kuma yana takarar mataimakin gwamna a zaɓen Nuwamba, sai ya juya ya yi shelar ranar makoki, amma bai aika ko ɗan sanda ɗaya ya hana ba.

Don a gwada ko gari zai ɗauka, ran 2 ga watan Satumba aka shirya wasan nuni a ɗakin motsa jiki na Morehouse, tsohuwar makarantar Johnson, inda Ali ya yi turmi takwas da mutum uku aka tashi lafiya. An so Joe Frazier, wanda ke riƙe da kambi, ya zo, bai yiwu ba, sai aka ɗauko Jerry Quarry, Bature ɗan Kalifoniya, ɗaya daga cikin manyan masu neman kambin. Johnson ya ba Ali gidansa na hutawa da ke bakin wani tafki a wajen gari ya zauna har ranar wasa.

Daren ya zama kamar sallar baƙaƙen Amurka. Coretta Scott King, matar marigayi Martin Luther King, tana wurin, haka Jesse Jackson da Julian Bond da ɗan wasan sinima Sidney Poitier. Ali ya fito da saurinsa na da a turmin farko, a na uku kuwa ya tsaga wa Quarry fata a saman ido, jini ya ƙi tsayawa, aka tsayar da wasa kafin a shiga na huɗu. Tun kafin wannan dare, a tsakiyar Satumba, wani alƙalin tarayya ya umurci Niyok ta mayar wa Ali lasinsa, kuma da Atlanta ta nuna ana iya yi ba tashin hankali, sauran ƙofofi suka buɗe. Ya kara da Frazier ran 8 ga watan Maris 1971 ya sha kaye, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin ɗaurinsa ran 28 ga watan Yuni 1971, sa'an nan ran 30 ga watan Oktoba 1974 ya ƙwato kambinsa daga George Foreman a Kinshasa.

NA GABA YA KOMA BAYA

Hausawa na cewa duniya rawar 'yan mata ce. A 1970 babu ɗan siyasa baƙar fata a Jojiya da ya kai Johnson ƙarfi, amma ƙasar da yake tsaye a kai tana motsi. Ƙidayar wannan shekara ta nuna baƙaƙe sun zama fiye da rabin mazaunan Atlanta. Mutanen da a da suke bukatar dillali ya sayar da ƙuri'unsu ga Bature mai dama dama, yanzu sun isa su zaɓi nasu. Matasan da suka taso cikin zanga-zanga kuma suna kallon zaman Johnson da irin su Maddox a matsayin kusanci da maƙiyi, suna kuma tambaya ko wane ne ya fi cin ribar cinikin, shi ko su. A 1972 Andrew Young, almajirin King, ya ci kujerar Majalisar Wakilai ta tarayya daga Atlanta, wanda daga baya 'yan Nijeriya suka sani ƙwarai sa'ad da ya zama jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya.

A 1973 Johnson ya tsaya takarar magajin gari. Jama'ar da yake tsammani nasa ne suka bi Maynard Jackson, lauya mai shekara 35, jikan John Wesley Dobbs, kuma mataimakin magajin gari tun 1970. Johnson bai sami ko kashi ɗaya cikin goma na ƙuri'u ba. Jackson ya kayar da Massell a zagaye na biyu, ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci babban birni a can ƙuryar kudu.

Bayan wannan sai hukumar haraji ta tarayya ta taso shi. Yana cikin wannan rigima aka yi zaɓen 1974, ya rasa Mazaɓa ta 38, kuma wanda ya karɓe ta shi ne Horace Tate, mutumin da ya ƙi goya wa baya a 1969. A kotu an wanke shi daga zargin kauce wa biyan haraji, amma an same shi da laifin miƙa wa hukumar takardar rantsuwa ta ƙarya, ya kuma yi ɗan gajeren zaman kaso. Shekara 12 ke nan da shigarsa majalisa. Bai sake riƙe kujerar zaɓe ba. Ya koma aikin lauya, ya kuma shugabanci hukumar babban filin wasa na Atlanta na wasu shekaru.

ABIN DA YA BARI

Masu sukarsa suna cewa ciniki irin nasa yakan sa ɗan siyasa ya manta inda amfanin jama'a ya tsaya da inda nasa ya fara, suna kuma nuni da cewa a damben Ali shi ma yana cikin masu kamfani. Masu yabonsa kuwa suna cewa mutum ɗaya cikin 54, wanda ba a ko amsa gaisuwarsa, ba shi da wani makami ban da ƙuri'arsa, kuma da ya tsaya kan jawabi kaɗai da ya koma gida hannu rabbana. Ko wane ɓangare mutum ya bi, tarihi ya nuna cewa ƙarfin Johnson daga abu biyu ya fito: hukuncin kotu da ya daidaita nauyin ƙuri'a, da jama'ar da suka yi rajista suka jefa ta tare. Sa'ad da jama'ar suka ga sun fi ƙarfin dillali, suka janye, kuma wayonsa bai cece shi ba.

A 1996 aka rataye hotonsa a ginin majalisar Jojiya, ginin da ya shiga a 1963 ya tarar da alluna a jikin famfo. Ya rasu a Atlanta ran 24 ga watan Oktoba 2019 yana da shekara 91, kwana biyu kafin damben Ali da Quarry ya cika shekara 49. Bayan wata goma sha huɗu da 'yan kwanaki, a Janairu 2021, mutanen Jojiya suka zaɓi Raphael Warnock, limamin cocin da Martin Luther King ya taɓa jagoranta, ya zama baƙar fata na farko da ya wakilci jihar a Majalisar Dattijai ta tarayya, kuma ƙuri'un gundumar Fulton, waɗanda a da 99 ke daidai da ɗaya, suna cikin waɗanda suka kai shi.